Komai Lamba Ɗaya Ne

Akwai masu cika-baki, akwai kuma Floris. Mai cika-baki yakan gaji ya nemi ruwa. Floris kuwa ko kofi ka miƙa masa, kafin ya kurɓa sai ka ji yadda ya koya wa wani babban otal a Amsterdam dafa shi.

Kamfaninmu ƙarami ne, a bayan garin Sneek, mu tara har da Marrit mai kamfanin. Abu guda muke ƙerawa, wato abin wuyan shanu. Ka ɗaura wa saniya, shi kuma ya riƙa aiko maka da saƙo a waya: wannan ba ta yi tuƙa sosai ba yau, waccan tana neman bijimi, ga wata can ta kusa haihuwa. Manoma suna saye, suna kuma zagi, kuma ni Femke ni ce mai amsa waya, saboda haka kunnena ne yake shan zagin. Kukansu bai wuce uku ba. Batir yana mutuwa da wuri. Maɓalli yana ɓallewa da zarar saniya ta yi susa a jikin ƙarfe. Saƙon haihuwa kuma ba ya isowa sai ɗan maraƙi ya riga ya miƙe yana tsotso.

Ƙungiyar masu madara ta yankinmu ta ce in muka gyara waɗannan kafin a saki shanu makiyaya bayan sanyi, za ta ɗaura wa shanun membobinta duka. In ba mu gyara ba, akwai wani kamfani a Denmark yana lashe baki. Abincinmu ke nan a kan faifai.

Ana cikin haka sai attajirin da ya zuba jari a kamfanin ya ce ba mu da tsari, dole a kawo manajan da zai riƙa yanke abin da za a fara yi da abin da zai jira. Ya ce ma yana da wani gwani a hannu. Ranar Litinin sai ga Floris, da farin takalmi, da keke mai naɗewa a hammata, gashi ya sha mai har yana ɗaukar ido.

"Ku kwantar da hankalinku, wahalarku ta ƙare," in ji shi tun bai zauna ba. "Na jera wa bankuna aiki. Na jera wa kamfanin jiragen sama. Saniya kuwa me ce? Ƙafa huɗu ce da jela."

Hidde, babban injiniyanmu, mutum ne da sai ka yini da shi ba ka ji muryarsa ba. Ya ɗago kai ya ce, "Ka taɓa taɓa saniya?"

"Na ci da yawa," in ji Floris. Ya yi dariyarsa shi kaɗai, har da dukan cinya.

Kafin azahar ya raba bangon ofis gida huɗu. Ja na "Dole", rawaya na "Ya kamata", kore na "In an samu hali", fari kuma na "Ba yanzu ba". Ya raba mana 'yan takardu masu manne, ya ce kowa ya rubuta abin da yake ganin ya fi muhimmanci. Muka rubuta batir, maɓalli, saƙon haihuwa, muka manna a ja. Ya tsaya ya kalle su yana shafa haɓa, sannan ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya ya kai su fari.

Na ce, "Floris, ai waɗannan ne ƙungiya ta ce a gyara."

"Femke, Femke. Wa ya taɓa ɗaukar hoton batir? Wa ya taɓa tafa wa maɓalli? Manomi bai san abin da yake so ba sai an nuna masa."

"To me za mu nuna masa?"

Ya ɗauki jar takarda ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya manna a tsakiya: SANIYA MAI MAGANA.

Hidde ya tashi ya je ya sake dafa kofi, alhali wanda ke kofinsa bai huce ba.

A makon nan Floris ya ce shi ba ya aiki da jita-jita, zai je ya saurari manomi da kunnensa. Na kai shi gonar Auke. Dattijo ne mai garke babba, yana cikin shugabannin ƙungiya, yana da kuɗi kuma ya san yana da su, bakinsa kuwa ya fi wuƙar yankan cuku kaifi. Muka zauna a kicin.

"Baba Auke, na zo in saurare ka," in ji Floris. Daga nan ya shiga labarin bankuna da jiragen sama, bai numfasa ba har kofi ya yi sanyi.

Auke ya ce, "Ɗan Amsterdam, ka gama sauraron nawa?"

"Yanzu za mu fara. Mene ne babban burinka?"

"Maɓalli ya daina ɓallewa."

"A'a, wannan ƙorafi ne. Buri nake nufi. Rufe idonka. Me kake gani?"

Auke ya rufe ido. "Ina ganin ka tafi."

Floris ya sunkuya ya rubuta, ya karkato mini takardar in gani: manomi yana son natsuwa. "Kin ji ko?" ya raɗa mini. "Kiɗa mai sanyi a wuyan kowace saniya. Wannan lamba ɗaya ne."

Da muka shiga rumfar shanu, yana ta bayanin yadda saniya za ta riƙa faɗa wa mai ita abin da ke ranta, yana tafiya da baya kamar mai nuna wa baƙi gari. Sai ji muka yi caɓal. Farin takalmi ya nutse har idon sawu.

"Wannan kuma mene ne?"

"Shi ne abin da ke ranta," in ji Auke. "Ka ga ba ta nemi lasifika ba."

Daga ranar nan bango ya fara cika. Duk wanda ya ci karo da Floris, muddin yana sanye da kwat ko ya yaba masa, to maganarsa ta zama doka. Attajiri ya ce jikarsa tana son fitilu masu walƙiya, Floris ya dawo ya manna: fitila, ja in saniya tana fushi, kore in tana murna, lamba ɗaya. Ya haɗu da magajin gari a wurin wata liyafa, magajin gari ya ce zai yi kyau saniyar ta yi yaren Firisiya, wato yaren gargajiyar yankinmu. Lamba ɗaya. Da ya kwana ya tashi sai ya ƙara Holanci da Turanci, wai saboda kasuwar duniya. Mai askinsa ya ce a buɗe wa kowace saniya shafinta a intanet yara su riƙa bibiya. Wannan ma lamba ɗaya.

Hidde ya tsaya gaban bango, hannu a aljihu. "Floris, wanne ne lamba ɗaya?"

"Duka."

"In duka ne, gobe da safe wanne zan taɓa?"

"Wanda ya fi ɗaya."

"Wanne ke nan?"

"Haba Hidde, sai na tauna maka na sa maka a baki? Kai fa injiniya ne."

Jajayen takardu suka ƙare, aka sayo wasu, gidan ja ya cika ya batse. Floris ya buɗe sabon gida a samansa mai suna "Dolen Dole". Da shi ma ya cika sai ya aro tsani, ya fara mannawa a silin. Injiniyoyi su fara fitila ranar Litinin, Laraba a ce su ajiye su kama kiɗa, Juma'a a ce ina labarin fitila. An ce ba a tauna taura biyu, mu kuwa buhu guda aka ɗura mana a baki.

Da guna-guni ya yi yawa, Floris ya ce shi mutum ne mai mutunta ra'ayin jama'a, za a yi ƙuri'a. Ya raba wa kowa ɗigo uku masu manne, ya ce a liƙa a kan aikin da ake so. Muka tashi gaba ɗaya muka lulluɓe takardar batir da ta maɓalli har rubutun ya ɓace. Ya gyaɗa kai, ya ce madalla. Sannan ya buɗe jakarsa ya zaro nasa ɗigon, mai faɗin faranti, ya liƙa a kan saniya mai magana.

"Ƙuri'ar manaja tana da nauyi," in ji shi. "Haka ake yi a manyan kamfanoni."

Marrit kuwa lokacin tana ta zirga-zirga Jamus neman masu saye. Duk dawowar da ta yi, Floris zai tare ta da hotuna masu kibiyoyi, kowace kibiya tana kallon sama.

"Batir fa?" in ji ta.

"Yana kan hanya."

Bai yi ƙarya ba. Bai dai faɗi hanyar ina ba.

Ƙarshen kaka aka yi gwajin fitila a kan matasan shanun Auke da ba a riga an shigar da su rumfa ba. Makiyayar tana bakin titi. Da safe hazo ya rufe ko'ina, shanun kuma ba mai murna cikinsu da sabon nauyin da aka rataya mata, saboda haka duk fitilun suka yi ja. Mutanenmu kuma ka san su da bin doka. Direban tankar madara ya hango jar wuta a gefen hanya ya taka birki. Motar gidan waya ta tsaya a bayansa, 'yan makaranta suka sauke ƙafa daga kekuna, layi ya miƙe har gada. Kowa yana jiran kore.

Direban tankar ne ya kira ni. "Baiwar Allah, ke ce ta kamfanin nan? Na tsaya ina jiran danja ta ba ni hannu, sai danjar ta juyo ta kalle ni ta yi kuka!"

Wata tsohuwa maƙwabciyar Auke ta kira 'yan sanda ta ce an kafa mata danja goma sha a bayan gida ba a nemi izininta ba, kuma suna yawo. 'Yan sanda suka zo suka yi mana kashedi. Kafin mu ci burodin rana, batir ɗin kowace karsana ya mutu murus, fitila ta shanye shi.

Floris ya shigo ofis yana murza hannu. "Kun gani? Gari guda ya tsaya yana kallon kayanmu. Wannan shi ake kira jan hankali."

"Batir ya mutu," in ji Hidde.

"Ya mutu a bakin aiki. Ka rubuta, ka manna a fari."

Sanyi ya wuce muna ta fama. Da aka zo maganar muryar da saniya za ta yi magana da ita, Floris ya ce ya saurari 'yan wasa da dama, babu mai kwarjinin da ake buƙata, dole ya sadaukar da tasa. Ya shiga ɗakin naɗar murya ya kulle ƙofa, ya yi harsunan uku shi kaɗai, har da na Firisiya wanda ko gaisuwa bai iya da shi ba. Bai bar kowa ya ji ba, wai kada a ɓata mamakin.

Sannan ya bayyana babban shirinsa. Ranar da Auke zai saki shanunsa makiyaya, ranar da jama'a kan taho da 'ya'yansu kallon tsallen shanu, a ranar zai nuna wa duniya sabon abin wuya. Ya riga ya gayyato attajiri, da magajin gari, da shugabannin ƙungiya, da 'yar jarida. Marrit ba ta ji ba sai da katin gayyata ya iso mata gida.

"Ka haukace ne?" in ji ta. "Maɓallin fa?"

"An gyara."

Hidde ya ɗauko guda ya ajiye mata a tebur. Tsohon maɓalli ne, an shafa masa fenti ruwan lemo.

"Yanzu in ya faɗi cikin ciyawa, nan da nan za a gan shi," in ji Floris. "Matsala ta zama dama."

Marrit ta dafe kai. Ta kira attajiri ta ce a ɗage, ya ce ya riga ya gaya wa abokansa, kuma shi ya yarda da yaronsa. Ta kira Auke ta faɗa masa gaskiya, tana fatan shi zai hana. Auke ya ce, "'Yar nan, bar shi ya zo. Shanuna sun daɗe ba su yi nishaɗi ba."

Asabar ta zo da rana mai kyau. Kekuna sun cika bakin titi, yara sun hau dammunan ciyawa, an kafa tebur da tulun kofi da kek mai ruwan hoda. Manyan baƙi suna sahun gaba a bayan igiya. Floris kuwa ya sa an ajiye masa akwatin katako a tsakiyar makiyaya, daidai saitin ƙofar rumfa. Ya hau da sabon farin takalmi, makirfo a hannu ɗaya, allon kwamfuta a ɗayan.

Auke ya ɗaga murya daga bakin rumfa. "Ɗan Amsterdam, ba a tsayawa nan!"

"Baba Auke, da yatsa guda zan jera maka su kamar 'yan makaranta. Buɗe kawai."

"To, ka ce na faɗa maka."

Aka zare sakata. Saniyar da ta yi watanni a kulle, in ta ga ɗanyar ciyawa ba ta san uwarta ba. Suka fito kamar an ɓalle madatsar ruwa, jela a sama, suna tsalle suna harbin iska. Tsalle na farko, maɓallai suka fara sallama. Abin wuya ya riƙa tashi sama ta ko'ina. Ɗaya ya faɗa cikin tulun kofi. Ɗaya ya dira a cinyar magajin gari. Yara suka ɗauka cikin wasan ne, suka shiga tafi.

"Jama'a, ku saurara!" in ji Floris a makirfo. "Yau saniya za ta yi magana!" Ya danna.

Rabin abubuwan wuyan ko tari ba su yi ba, batir ya mutu tun a rumfa. Sauran kuwa suka ɗauka gaba ɗaya, da muryar Floris, da yaren Firisiya. Abin da ya so su ce shi ne, "Ina cikin farin ciki." Abin da harshensa ya iya fitarwa, kuma abin da duk mai kunne a wurin ya ji, shi ne, "Wandona ya jiƙe."

Na cinyar magajin gari ma ya faɗa, a fili, sau biyu. Magajin gari ya miƙe zumbur, ya duba, sannan ya tuna ba shi ba ne. Wani manomi ya faɗo daga kan dami saboda dariya.

Shanun da nasu bai ɓalle ba ba su taɓa jin ɗan Adam yana magana daga maƙogwaronsu ba. Suka firgita, suka yi kan igiya. Tebur ya kife, kek ya tashi. Attajiri ya ruga ya haye tarakta, jikarsa a kafaɗa tana ihun a kunna fitila.

"Kada kowa ya tsorata!" in ji Floris. "Yanzu zan kira su!"

Ya danna wani madanni. Wata ƙara ta fito daga lasifikar da ke gindin akwatinsa, ƙarar da shi ya zaɓa da kansa don ta yi masa daɗi a kunne. Bai sani ba, ita ce sak ƙarar motar da ke raba musu dusa kullum. Garke guda ya tsaya cak. Kawuna suka juyo. Sannan suka taho.

Ban taɓa sanin mai farin takalmi yana gudu haka ba. Ya yar da makirfo, ya yar da allo, ya nufi lambatun da ya kewaye makiyayar. Ya taɓa ganin samarin ƙauye suna tsallake irinsa da doguwar sanda, sai ya fizgi wata da ke jingine, ya caka a tsakiyar ruwa, ya yi sama. Sanda ta kafe a taɓo, ta tsaya a miƙe. Ga Floris a can ƙoli ya rungume ta, ba gaba ba baya, shanu sun jeru a bakin lambatu suna kallonsa. A hankali sanda ta fara karkata, a hankali, kamar tana shawara, sannan ta yanke hukunci.

Da ya ɗago, ganyen ruwa ya yi masa hula. Kusa da shi wani abin wuya yana shawagi, yana ta sanar da jama'a halin da wandon yake ciki.

'Yar jarida ta matso bakin lambatu ta tsuguna. "Yallaɓai manaja, me za ka ce game da abin da ya faru?"

Floris ya tofar da ruwa, ya gyara gashi. "Ki rubuta cewa shanu sun karɓi sabon kayanmu hannu bibbiyu."

"Ƙafa hurhuɗu," in ji Auke daga bayanta. "Rubuta daidai."

Marrit ta iso, kek a kafaɗar rigarta. Ba ta ɗaga murya ba. "Floris, Litinin ka zo ka ɗauki kekenka. Ka zo da tsani, ka sauke shirgin da ka manna mini a silin."

"Marrit, kina yanke hukunci cikin fushi. A manyan kamfanoni—"

"To ka koma can."

Abin bai zo mana da sauƙi ba. Ƙungiya ta ba 'yan Denmark rabin cinikin, mutum biyu a cikinmu suka rasa aiki, kuma ba su ne suka hau akwati ba. Ragowar rabin Auke ne ya tsaya mana a taro, ya ce duk kamfanin da ya ba shi dariya irin wannan ya cancanci a jira shi zuwa kaka. Hidde ya zauna shiru ya yi aikinsa, kafin damina ta yi nisa abin wuya ya daina faɗuwa.

Floris kuwa ko a jikinsa. Ya rubuta a shafinsa cewa ya kammala gagarumin aiki a harkar noma, ya bar shanun arewacin ƙasar cikin wani hali da ba su taɓa shiga ba. Mutane da yawa suka taya shi murna. Ba a jima ba muka ji wani kamfani a Rotterdam ya ɗauke shi da babban albashi, kamfanin da ke ƙera lif, wato na'urar da ke hawa da mutane saman dogayen benaye, kuma shi ne zai riƙa yanke musu abin da ya fi muhimmanci.

Ƙanwata tana zaune a Rotterdam, a hawa na goma sha huɗu. Gwiwata ba ta da lafiya, amma duk ziyarar da na kai mata, da ƙafa nake hawa.